Daga Tawa zuwa Tabalak da irin burodi cikin kwalba

Wanga wata labarin tafiya na kawo muku. Tafiyar ba ta da nisa. Kilomita 50 ce, ko kusa da haka, daga birnin Tawa zuwa Tabalak. Na yi ta cikin sanyin da ya wuce.

Ga mafarin zancen. Ina da ƙanwa da ke aure wani ƙauye gaba kaɗan da Tabalak. Mijinta yana Abijan wurin biɗa, kamar mazan Adar da yawa. Wani wata aike ya zo, wani wata shiru. Ɗiya 4 gare ta. Da kaka ta wuce sai ta yi shawarar gasa burodi tana kai ma masu shayi na bakin hanya. Ta saida akuyarta guda. Ta sayi rabin buhun garin alkama da babbar ledar yis, wanda anka rubuta ma levure da Faransanci. Gashin farko ya yi kyau. Na biyu ma haka. Bayan ƴan makonni kwaɓin ya ƙi tashi. Ta ƙara yis, ya ƙi. Ashe ledar a buɗe ta bar ta cikin ɗakin kwano, zafi da iska sun kashe shi. Kwaɓi biyu ta zuba ma kaji. Ta kira ni ta waya ta ce: "Yaya, akuyata za ta tafi banza."

Ni ban taɓa gasa burodi ba. Amma na ce mata ta ɗaure bakin buhun, ta jira ni.

Ran Lahadi na yi sammako. Kowa ya san Lahadi ce ranar babbar kasuwar Tawa. Tun da asuba yaran gidajen burodi sun cika tasha, kowane da kwali bisa kai, dogon burodi irin na Faransa yana leƙowa. Wanga burodi yana da daɗi da zafinshi, babu musu. Amma na birni ne. An yi shi don a ci kafin azahar. Wanda zai kai shi Barmu, ko Takanamat, ko rugar da ke bayan Abalak, itace zai isa da shi.

Cikin kasuwa na ratsa wurin Buzaye masu cuku da dabino. Na wuce tulin albasar Galmi, na wuce matan Filani da ƙoren nono, har na isa wurin masu hatsi. Can gefe na samu mai tsabar alkama yana awo da tiya. Ya ce daga Ƙonni take, inda ake noma ta da ban ruwa lokacin sanyi. Na sayi tiya ɗaya, na ba shi labarin ƙanwata. Ya ce in zancen burodi nake, in tafi unguwar Bilbis in nemi wani tsoho mai tanderu.

Bilbis da Fakuwa su ne tsofaffin unguwannin da Tawa ta tsiro daga gare su. Lunguna ne matsattsu da gidajen laka. Ƙamshi ne ya kai ni gidan. Na samu tsohon yana kwashe toka daga tanderunshi. Munka gaisa. Na ce: "Baba, wane yis ne ba ya mutuwa da zafi?" Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce: "Ɗana, yis na leda baƙo ne. Jiya-jiya ya zo. Taho ka ga ɗan gida."

Ya kai ni gindin randa. Nan cikin rairayi mai laima akwai ƴar tukunya, an rufe bakinta da ƙyalle. Ya buɗe. Ƙullu ne mai kauri, duk jikinshi ƙananan idanu na kumfa. Na shinshina. Ƙamshin ya yi kama da na nono, ya kuma yi kama da na ƙullun masa da ya kwana. Tsohon ya ce da ƙuruciya ya yi yawon biɗa har Gawo da Tumbutu. A Tumbutu ya ga mata suna gasa wani burodi mai faɗi da ake ce ma takula, cikin tanderun laka a ƙofar gida. Tun daga lokacin ya riƙe wanga ƙullu. Shi "iri" yake ce mishi, don duk gashi sai ya rage kaɗan na gobe, kamar yadda manomi ke ware damin iri kafin ya buɗe rumbu.

Gaskiyar tsoho ce, yis na leda baƙo ne. Irin mai tsaba-tsaba da ake zubawa kai tsaye cikin gari, kamfanin Lesaffre na Faransa ya fito da shi a 1973. Mutanen Masar kuwa sun yi dubban shekaru suna cin burodi mai tashi babu leda. Faransawa ma da irin tukunya sunka fara, levain suke ce mishi. A 2020, da cutar korona ta tsare mutane cikin gida, da yawa a Turai da Amurka sun koma gare shi.

To mi ke cikin tukunyar? Wasu ƙananan halittu ne masu rai, ido ba ya ganin su. Suna zaune bisa ɓawon hatsi. In sun samu gari da ruwa sai su ci, su hayayyafa. Kashi biyu ne. Kashi ɗaya suna fitar da iska, ita ke kumbura kwaɓi. Kashi na biyu suna kawo tsami, dangin masu maida madara nono ne. Wani masani Bafaranshe, Luwi Paster, ya nuna a 1857 cewa irin wanga tsami aikin masu rai ne. Matanmu kuwa sun daɗe suna kiwon su ba tare da sun raɗa musu suna ba. Bafilatana tana zuba ɗan nonon jiya cikin madarar yau. Mai masa tana barin ragowar ƙullu gindin tukunya don na gobe ya yi saurin tashi. Mutanen Habasha haka suke yin injera, na Sudan haka suke yin kisra. Abin nan duk ɗaya ne.

Na ce: "Baba, wanda ba shi da mai ba shi iri fa?" Ya ce shi ma yana iya tada nashi, in yana da haƙuri. Ku karanta wurin nan sannu-sannu, ku karanta ma matan gida.

A niƙa alkama da dusarta, kada a tankaɗe. A ɗebi cokali 3 na garin, a dama da ruwa har ya yi kaurin ƙullun ƙosai. A zuba cikin ƴar tukunya mai tsabta, a rufe da ƙyalle, a aje cikin inuwa. Gobe war haka a zubar da rabi, a ƙara cokali 3 na gari da ɗan ruwa. Jibi ma haka. Kullum haka. Na ce zubarwar nan ai ɓarna ce. Tsohon ya ce: "In garke ya ninka kullum, makiyaya ba ta ƙaru ba, mi zai faru?" Shi ya sa ake farawa da kaɗan.

A kwana na 2 ko na 3 ƙullun zai yi kumfa da wari marar daɗi. Wannan ba tashin gaskiya ba ne. Daga nan sai ya kwanta shiru kwana biyu ko uku kamar ya mutu. Nan ne mutane da yawa ke zubar da shi. Kada a zubar, a ci gaba da ba shi gari. Tsakanin kwana 7 da kwana 10 warin zai koma ƙamshi. In an ba shi gari da safe ya ninka kafin azahar, to ya isa aiki.

Ruwan rijiya ya yi. Na pampo in yana warin magani, a tara shi ya kwana a buɗe. In wani ruwa-ruwa ya taru bisa ƙullun, yunwa ce, a tsiyaye a ba shi gari. Amma in an ga fumfuna, ko wani launi ja-ja ko baƙi, a zubar duka, a wanke tukunya da ruwan zafi, a sake daga farko.

Ƙanwata ba ta da kwana 10 na jira. Sai tsohon ya ɗebo mini nashi cikin wata kwalba, ya cika ta rabi. Na fiddo kuɗi, ya ƙi karɓa. Ya ce shi ma ba saye ya yi ba. Ya ce: "Kada ka matse murfin. Mai rai ne, yana numfashi." Na ce to.

Ran Litinin da hantsi na shiga ƴar bas mai zuwa Abalak. Da na ga yadda anka cusa mu, sai na ji tsoron kada kwalbar ta zube. Na murɗe murfin tam, na sa ta aljihun jaka wajen taga.

Hanyar ita ce ta Agadas. In an fita Tawa sai jigawa ja da karan hatsi da anka riga anka girbe. Can nesa duwatsun Adar, baƙaƙe, samansu a shafe kamar an daidaita da hannu. Wuri-wuri za ka ga layin duwatsu da ramukan rabin wata bisa fako, da ƴan itatuwa sun kama cikinsu. Wanga aiki ya bazu cikin Adar bayan farin 1984, shekarar da anka buɗe babban aikin gyaran ƙasa na Keita. Ina kallon itatuwan ina tunanin wuta, don burodi yana cin itace, itace kuwa ba shi da arha a nan. Rana tana bugun taga. Na mance da kwalba.

Muna gab da Tabalak sai na ji "fus!" Murfin ya yi tsalle. Ƙullu ya fantsama. Wanda ke kusa da ni wani dattijo ne da farar riga, za shi ɗaurin aure Abalak. Ya dubi hannun rigarshi, ya shinshina, ya ce: "Subhanallahi! Yaro, giya ka ɗauko mana?" Motar duka ta juyo. Na yi ta ba da haƙuri ina sharewa da hulata. Wata tsohuwa daga baya ce ta cece ni. Ta lakaci kaɗan ta shinshina, ta ce: "Alhaji, ƙullun masa ne, ba komi." Dattijon bai ƙara yi mini magana ba har na sauka, kuma yana da gaskiya. Shi wanga wari mai kama da na giya, duk kwaɓi mai tashi yana yin shi, har na yis na leda. Zafin wuta ke kore shi.

Tabalak gari ne na bakin tabki. Ruwan ya miƙe dogo kusa da hanya. Garake sun bi gefenshi da albasa da dankali. Raƙuma da shanu suna saukowa sha. Mata suna tare motoci da soyayyen kifi. Hausawa da Buzaye da Filani duk ruwan nan ya tara su. A 2005 anka sa tabkin cikin jerin manyan dausayin duniya da ake kiyayewa, saboda tsuntsayen da ke sauka nan lokacin sanyi. Daga nan na hau babur zuwa ƙauyenmu.

Abin da ya rage gindin kwalba bai wuce cokali 2 ba. Ƙanwata ta duba ta ce: "Yaya, wannan ne ka sa na jira?" Munka niƙa alkamar Ƙonni, munka ba shi safe da yamma. Kwana 2 ya cika ƴar tukunya.

Ga awon da tsohon ya ba ni. A samu kofi wanda 4 ɗinshi ke cika lita. Gari kofi 8, wato kilo 1. Ruwa kofi 2 da rabi, a ƙara kaɗan in garin mai dusa ne. Iri kofi 1. Gishiri babban cokali 1 a cike. A narka irin cikin ruwa, a zuba gari da gishiri, a haɗa. A bari ya huta rabin awa. Sa'an nan a jiƙa hannu, a jawo gefen kwaɓin a naɗe shi tsakiya, a zagaya haka. A sake bayan rabin awa, har sau 3 ko 4. Ba a bukatar inji. Kuma kafin komi, a tabbata an bar ragowar iri cikin tukunya, an ba shi gari.

Gashinmu na farko dutse ne. Ƙanwata ta saba da yis na leda, wanda ke tashi cikin awa 1 ko 2. Da awa 2 ta cika ta ce a gasa. Ni ma na biye mata. Ɗanta na fari ya buga burodin bisa turmi, turmin ne ya yi ƙara. Iri ba ya son gaggawa. Aikin da leda ke yi cikin awa 1, shi sai ya ɗauki rabin yini.

Na biyu kuma munka wuce gona da iri. Munka aje kwano cikin rana don ya yi sauri, munka tafi gaisuwar mutuwa. Kafin mu dawo ya tashi ya faɗi. Ya yi ruwa, ya yi tsami ƙwarai. Munka gasa shi duk da haka, gindin ya ƙone baƙi ƙirin. Daren nan ƙanwata ba ta yi magana ba. Na ga tana auna sauran garin buhu da ido.

Sai na zauna na tuna maganar tsoho daki-daki. Ƙwayoyin nan sun fi jin daɗi in zafi yana tsakanin digiri 24 da 28. Daren Disamba a Adar ya fi haka sanyi, don haka suna aiki a hankali, kuma hakan ya fi. Munka kwaɓa bayan magariba, munka rufe, munka bar shi cikin ɗaki ya kwana. Da asuba ya kusa ninkawa. Munka raba shi curi-curi, munka bari ya ƙara hutawa awa 1 da ɗan abu. Ana gane ya isa da yatsa. A danna kaɗan. In ramin ya dawo nan take, da saura. In ya dawo sannu-sannu, a gasa. In bai dawo ba, an makara.

Tanderu babu, da tukunyar dalma munka yi. Munka zuba rairayi mai tsabta gindinta, kaurin yatsa 2, munka ɗora faranti bisa. Munka bari ta yi zafi sosai kafin mu sa curin. Garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa bisa murfi. Kuskurenmu na jiya ke nan, wuta duk a ƙasa take. Busasshen kashin shanu ya yi mana aiki, yana riƙe zafi fiye da kara. Bayan minti 40 zuwa 45 munka buɗe. Ya yi ja, bayanshi ya tsage. Na ƙwanƙwasa gindin, ya amsa kamar ganga. Ƙanwata ta so ta yanka nan take, na hana ta. Cikinshi yana ƙarasa nuna ne lokacin da yake hucewa.

Da ta gane hannun, sai ta fara tambayar ko za a sa garin hatsi don buhun ya daɗe. Tambaya ce mai kyau. Yawancin garin alkamar da muke ci daga waje yake zuwa. Tsofaffi suna tune da 1994, da anka karya darajar sefa da rabi. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya tada farashin alkama a duniya. A 2023 kuma iyakoki sunka rufe. Ana iya sa hatsi, amma da awo. Alkama tana da wani danƙo da ke riƙe iska cikin kwaɓi, hatsi ba shi da shi. A Senegal tun shekarun 1970 masana sun fito da wani burodi mai suna pamible, kashi 15 cikin 100 na garinshi hatsi ne. Mu ma munka gwada kofi 1 na hatsi da kofi 7 na alkama, ya yi kyau. Da munka kai kofi 3 sai ya riƙa marmashewa.

Saura kasuwa. A nan kam ba duka ne ya tafi yadda na so ba. Mai shayi na farko ya ɗanɗana ya ce da tsami, kuma baƙinshi sun saba da dogo fari. Ya ƙi. Na biyu ya karɓi 5 don kunyar mijinta. A ganina na tukunyar ya fi ƙoshi nesa, amma baki abin da ya saba yake so. Ƙanwata ta rage dusa, ta sa ɗan sukari, ta riƙa yin ƙananan curi masu tsawo. Ta kuma gane cewa in ta yi amfani da iri lokacin da ya cika tashi, kafin ya faɗi, tsamin yana raguwa.

Waɗanda sunka fi saye makiyaya ne. Su ba su damu da siffa ba. Tsamin nan yana hana burodi saurin fumfuna, kuma babban curi yana kwana 3 ko 4 bai zama itace ba. Wani Buzu da ke shayar da raƙuma ya sayi 2, ya dawo bayan kwana 4 ya sayi 3. Ya ce su tagalla sunka sani, wadda ake binnewa cikin rairayi mai zafi da toka, ba ta tashi. Ya ce in damina ta sauka za su yi arewa wajen Ingal lasar gishiri, wa zai yi ta ba tukunya gari bisa raƙumi? Na gaya mishi dabarar da tsohon Bilbis ya koya mini. A shafa iri siriri bisa faranti ko leda mai tsabta. A shanya cikin inuwa, ba cikin rana ba. In ya bushe ƙamas a marmashe, a zuba cikin kwalba busasshiya, a rufe. Wannan kam ana matse murfinshi. Yana yin watanni. Ran da ake so, a jiƙa cokali 1 da ruwa, a ba shi gari safe da yamma, cikin ƴan kwanaki zai farka. Ƙanwata ta shanya faranti 2, ɗaya na Buzun, ɗaya nata.

Nata ya yi rana. Cikin watan Afrilu zafi ya wuce digiri 40. Ta yi tafiyar kwana 3, ta dawo ta samu tukunya ta lalace. Da busasshen ta tada wani. Tun daga nan, in bazara ce, tana binne tukunyar gindin randa, tana ba shi gari sau 2 a yini, tana yin shi da tauri, da ɗan gishiri bakin yatsa don ya rage gudu. Kwaɓin ma rabin kofi na iri take sawa, kuma ba ta barin shi ya kwana, awa 4 ko 5 ya isa. Akuyar ba ta dawo ba tukuna. Ta ce ta tara fiye da rabin kuɗin, tana jiran farashi ya sauka bayan layya.

Ni kuwa ran da na koma Tawa na biya ta Bilbis da curi ɗaya naɗe cikin ƙyalle, da kwalbar tsoho, na wanke ta. Ban ba shi labarin murfin ba. Ya karya burodin, ya duba idanun cikinshi, ya shinshina, ya tauna a hankali. Sa'an nan ya ce: "Ka gaya ma ɗiyata ta ƙara gishiri."